Tsagen Inna

Shagona na bakin tasha a Argungu,
tsakanin mai facin taya da mai tsire.
Ina kwashe abin da ke cikin tsofaffin faifai
kafin ƙarzuwa da zafin rana su cinye su,
in zuba a waya, in ba shi sabon tsari.

Ran Laraba Bagudu ya shigo bayan la'asar
da faifai a naɗe cikin tsohon ɗankwali.
"Sunan ƙanena ne, shekara sha tara ke nan.
Motar Kamba na jirana, yi min da sauri."

Na ce, hanya biyu ce, ka zaɓa.
Akwai ta minti ashirin, ka kama gabanka.
Akwai ta awa shida, inji na bin hoto ɗaya-ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa,
ya duba sau biyu kafin ya ajiye.
Ya ce, "Ta ashirin ɗin. Duk kanwar ja ce."
Na danna, na ja bakina, na bari.

Koren layi ya ruga kamar ɗan akuya.
Muka kunna mu gwada.
Ga rago a ɗaure, ga wanzami, ga tabarmi,
ga maza na miƙa wa juna goro.
Can a minti na arba'in da ɗaya
wata dattijuwa ta gitta ta gefen hoton
da ƙwaryar fura, ta waiwayo tana dariya.
Daƙiƙa tara, babu ƙari.

"Tsaya! Mayar."
Na mayar.
"Inna ce. To ina tsagenta?"

Fuskar ta dagule, gida-gida,
kamar tubalin da ruwan sama ya kwana a kai.
Kumatun sumul, sai ka ce an bi da yaɓe.
Tsagen Kabawa da aka ja mata tana jinjira
sirara ne, inji ya ɗauka datti ne,
ya share su don kayansa su yi sauƙi.
Shi bai san uwa ba. An ce ya rage, ya rage,
an ce ya yi maza, ya isa da wuri.

Bagudu ya fita bai ce uffan ba.
Na hango shi yana sauke jakarsa daga mota.
Ya dawo da fetur lita biyu a gora,
domin ya san halin wutar gari.

Da magariba kuwa suka ɗauke.
Janareta ya yi tari, ya kama.
Kashi sha bakwai muka tafi sallar isha,
kashi talatin mai tsire ya kashe wutarsa.
A nan ya ce min ta rasu shekarar ambaliya,
akwatin hotunanta ya bi ruwa.
Wannan waiwayen shi ne ya rage masa.
Na zuba masa shayi, ban ce ya yi haƙuri ba,
ai shi muke yi tun ɗazu, haƙuri.

Kashi sittin da uku, faifan ya yi tuntuɓe.
Ya kurɗa, ya tsaya, ya sake kurɗawa.
Bagudu ya riƙe numfashi, ni ma na riƙe,
har allurar haske ta haye ƙarzuwar
kamar jaki da kaya a bakin kwari.

Sha biyu saura, layin ya cika.
Minti na arba'in da ɗaya: ga ta.
Ga wushiryarta, ga zufa a goshi,
ga tsagen, kowane a layinsa.
Ya sa ɗan yatsa a gilashi yana ƙirgawa,
bai faɗa min ko nawa ba ne.

Sai wayarsa ta ce ba ta da fili,
wannan ya ninka na farko sau bakwai.
Ya zauna a kan benci yana gogewa:
wasannin ƙwallo, barkwanci, hotunan babur,
har ya samar wa Inna wuri.